Maki 30 Na Makaranta, 70 Na Hukuma: Yadda Ake Auna Ɗaliban Babbar Sakandare

Daga Wakilinmu

Ran 4 ga watan Agusta na shekarar 2025 ne Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, ta ba da sanarwar sakamakon jarrabawar fita babbar sakandare ta wannan shekara. Daga cikin ɗalibai 1,969,313 da suka zauna jarrabawar a Nijeriya, aka ce 754,545 ne kaɗai, watau kashi 38.32 cikin 100, suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Hankalin iyaye ya tashi ƙwarai, gama a shekarar 2024 kashi 72.12 cikin 100 ne suka haye. Bayan kwana huɗu sai hukumar ta sake tara manema labarai, ta nemi gafarar jama'a, ta ce an yi kuskure wajen duba takardar Turanci ta canki-canka. Domin a hana satar amsa an jujjuya jerin tambayoyin ta yadda maƙwabta biyu a ɗakin jarrabawa ba za su sami jeri iri ɗaya ba, sai aka ba na'ura jerin amsoshin da ba su dace da takardun ba. Da aka gyara, adadin waɗanda suka haye ya tashi zuwa 1,239,884, watau kashi 62.96 cikin 100. Ke nan yara 485,339 sun kwana huɗu suna kukan faɗuwar da ba tasu ba.

To, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yara yana da wani makin dabam wanda na'ura ba ta duba ba, wanda makarantarsa ta tara masa cikin shekara uku ta aika wa hukumar tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Shi ne abin da malamai da ɗalibai ke kira C.A., watau auna ɗalibi a kai a kai. Bisa ga tsari, wannan maki shi ne kashi 30 cikin 100 na sakamakon kowane darasi, jarrabawar hukuma kuma kashi 70. Abin lura shi ne, a duk hayaniyar da aka yi cikin waɗancan kwanaki, da wuya ka ji wani uba ko shugaban makaranta ya ɗaga takardar makin makaranta ya ce ga shaidar cewa yaronsa ya san Turanci. Iyaye da yawa ba su ma san akwai ta ba. Waɗanda suka sani kuwa, sun san yadda ake cika ta.

Domin mai karatu ya gane yadda aka zo nan, sai mu koma baya kaɗan. A zamanin Turawa, jami'o'in Ingila ne ke shirya wa makarantun ƙasar nan jarrabawa, musamman ta Kambirij da ta London. Daga can ake aiko tambayoyi, can kuma ake mayar da takardu a duba. A 1950 wani masanin ilmi na Jami'ar London, Dokta G. B. Jeffery, ya ba da rahoton rangadin da ya yi a Afirka ta Yamma, ya ba da shawarar a kafa hukumar jarrabawa ta yankin. Aka kafa ta a 1952 da ƙasashe huɗu, Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, hedkwatarta a Akra. Laberiya ta shigo a 1974.

Manyan ma'aikatan da suka yi sakandare kafin tsakiyar shekarun 1980 ba su manta da yadda abin yake ba. Yaro zai yi shekara biyar, daga fom ɗaya zuwa fom biyar, sa'an nan ya zauna jarrabawa guda, a ba shi satifiket mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu, ko ta uku. Mai son jami'a ya ƙara shekara biyu a ajin HSC. Duk abin da ya yi a aji cikin shekarun nan biyar ba ya shiga lissafi. Wanda zazzaɓi ya kama ran Lissafi, ko aka yi masa rasuwa cikin makon jarrabawa, shi ke nan, sai baɗi. Wanda ya yi shekara huɗu da rabi yana wasa, ya zo ya haddace tsoffin tambayoyi cikin wata uku, yana iya fita da daraja ta ɗaya.

Wannan na cikin abubuwan da aka koka a kansu a babban taron tsara manhaja da aka yi a Ikko cikin watan Satumba na 1969, taron da ya haifar da Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda aka buga a 1977, aka sake gyara ta a 1981. Manufar ta ce za a sassauta hanyar auna ɗalibi, a dogara, ko gaba ɗaya ko ta wani sashe, a kan lura da ci gabansa a kai a kai. A shekarar 1977 ɗin kuma aka yi babban abin kunyar nan da aka yi wa laƙabi da Expo 77, sa'ad da tambayoyin jarrabawa suka ɓulla a kasuwa kafin ranar zama. Ba shi ne karo na farko ba, domin tun 1914 aka sami labarin ɓullar takardar Kambirij a Nijeriya, amma girman na 1977 ya sa gwamnati ta naɗa kwamitin bincike na Mai Shari'a Sogbetan. Masu ra'ayin makin makaranta suka sami hujja: muddin makomar yaro tana rataye a kan takarda guda, to za a sami mai sayar da takardar, za a kuma sami mai saye. Gwamnatin soja ta 1984 ta gwada tsoratarwa, ta kafa doka mai lamba 20 wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. Maguɗi bai tsaya ba, aka kuma maye gurbin hukuncin da mai sauƙi a doka mai lamba 33 ta 1999.

An fara sabon tsarin nan na 6-3-3-4 a 1982, aka yi jarrabawar fita babbar sakandare ta farko a 1988, kuma a cikinta ne makin makaranta ya fara shiga satifiket. Sai dai shekarar da aka zaɓa ta zo da nata nauyin. Yaran da suka shiga aji ɗaya na firamare a watan Satumba na 1976, lokacin da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta na UPE, su ne suka iso ƙofar sakandare a 1982, tururuwa guda. A wannan shekara kuma kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. Watau an ɗora wa malami aikin da ke bukatar ƙaramin aji da isasshiyar takarda daidai lokacin da aji ya cika ya batse, takarda kuma ta yi tsada. Har yau tsarin bai warke daga wannan haihuwa ba.

Yadda ake samun kashi 70

Sashen hukuma shi ne wanda kowa ya sani, kuma duk da abin da ya faru a 2025, shi ne wanda aka fi tsarawa. Ɗalibi yakan yi rajistar darussa takwas ko tara. Kowane darasi yana da takardar canki-canka, wadda ake cikewa da fensir na'ura ta duba, da takardar dogon bayani, wadda mutum ke dubawa. Darussan kimiyya suna da gwajin aiki a ɗakin gwaje-gwaje, Turanci kuma yana da sashen furuci. Kafin a fara duba takardun dogon bayani, sai babban mai dubawa na kowane darasi ya zauna da shugabannin rukuni su daidaita jagorar ba da maki, su kuma su zauna da ƙananan masu dubawa, akasarinsu malaman sakandare, a gwada kowa da takardun misali har hannu ya zo ɗaya. Ana kai takardun wata jiha zuwa wata domin kada malami ya duba ɗalibansa. Shugaban rukuni yana zaɓar wasu takardu daga kowane ƙunshi ya sake dubawa. Bayan an gama, manyan masu dubawa sukan rubuta rahoto a kan inda ɗalibai suka yi rauni, rahoton da ya kamata a ce kowane malami ya karanta, amma a makarantu da yawa ko ganinsa ba a taɓa yi ba.

Sakamako yana fita a matakai tara. A1 shi ne ƙoli, sai B2 da B3, sai C4 da C5 da C6, duka waɗannan shida kiredit ne. D7 da E8 fas ne kawai, F9 faɗuwa. A ma'aunin da makarantu suka saba amfani da shi, A1 yana farawa daga maki 75, C6 daga 50, D7 daga 45, abin da ya gaza 40 kuwa F9 ne. Tsakanin D7 da C6 maki kaɗan ne, amma a nan rayuwar yara da yawa ke rabuwa, gama kiredit biyar har da Turanci da Lissafi shi ne abin da jami'o'i suka daɗe suna nema, shi ne kuma abin da mai neman aikin gwamnati ko shiga kwalejin horon ma'aikatan jinya ke fara nunawa.

Yadda ake samun kashi 30

A kan takarda, wannan sashe ya fi na hukuma kyau. Littafin jagora da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar a 1985 ya nemi malami ya auna abu uku: abin da yaro ya sani, da halinsa, da abin da hannunsa ya iya. Ana so a yi haka ta hanyar gwaji a aji, da jinga, da aikin gida, da ɗan binciken da yaro zai yi da kansa, a riƙa tarawa zango bayan zango daga aji ɗaya har aji uku, ta yadda ranar rashin lafiya guda ba za ta rushe aikin shekara uku ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma manufar tsarin ke nan, a hana yaro barin karatu sai jarrabawa ta ƙarato.

Amma bari mu yi ɗan lissafi. A ce malamin Turanci guda yana koyar da azuzuwa shida, kowane aji da yara 90, abin da ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati na manyan garuruwanmu. Yara 540 ke nan. Idan zai yi gwaji uku a kowane zango, zai duba takardu 1,620 a zango, 4,860 a shekara, ban da jarrabawar ƙarshen zango. Idan kowace takarda ta ci masa minti biyar kacal, awa 405 ke nan, watau kwana hamsin na aikin awa takwas, bai koyar ba, bai shirya darasi ba. Wannan malami ba zai ba da insha'i ba. Zai rubuta tambayoyi goma a allo, yara su yi musayar littattafai su duba wa juna. Batun auna hali da aikin hannu kuwa, yadda za a yi ya san halin yara 540 alhali sunayen rabinsu ma bai riƙe ba, sai mai karatu ya yi hukunci da kansa.

Mai wannan rubutu ya yi babbar sakandare a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo, kuma ya ga abin da idonsa. Muna aji uku, wata rana bayan an tashi, aka kira mu mu uku masu kyan rubutu zuwa ofishin malamai, domin wa'adin aika maki ya zo washegari. Ni ke karanta sunaye, malami yana faɗar maki, ɗan'uwana yana rubutawa. A darasin da muka yi zango biyu cur ba mu da malaminsa, kowa ya sami tsakanin 22 da 27. Idan malam ya tuna fuskar mai sunan, ya ƙara masa biyu. Har wani yaro da ya bar makaranta tun muna aji ɗaya ya koma kasuwa, sunansa na cikin rajista, shi ma ya sami 24. Ban ga mugunta a fuskar malamin nan ba, gajiya na gani. An ba shi takarda mai gurabe, an ce kada a bar gurbi ko ɗaya.

A makarantar kuma akwai wata malamar Kimiyyar Sinadarai mai wani littafi mai baƙin bango, wadda ba ta taɓa rubuta makin da ba a yi aikinsa ba. A wurinta na sami 16 cikin 30, kuma 16 ɗin na cancanta. Mun ji haushinta a lokacin, muna cewa ta cuce mu, domin mun ji labarin makarantun kuɗi inda ba a ba kowa ƙasa da 25. Sai da na girma na gane cewa a cikin duk takardun da aka aika a kaina a shekarar, nata ne kaɗai ke faɗin gaskiya.

Haushin namu kuwa yana da dalili, idan har za a haɗa makin yadda ya zo. Ɗauki yara biyu. Na farko ya ci kashi 35 cikin 100 a jarrabawar hukuma, wanda ya zama 24.5 cikin 70, makarantarsa ta ba shi 27, jimla 51.5, ya sami C6. Na biyu ya ci kashi 45, wanda ya zama 31.5 cikin 70, malamarsa mai gaskiya ta ba shi 16, jimla 47.5, ya tsaya a D7. Wanda ya fi sani ya zauna a gida, wanda aka yi wa kara ya tafi jami'a. Shugaban makaranta ya san haka, mai makarantar kuɗi wanda cinikinsa na baɗi ya dogara ga sakamakon bana ya fi kowa sani, saboda haka kowa sai ya ƙara, don kada a bar nasa a baya.

Hukumomin jarrabawa ba su jahilci wannan ba, shi ya sa akan tace makin makaranta a daidaita shi kafin a haɗa. Hanyar da masana awon ilmi suka fi amfani da ita a ƙasashe da dama ita ce a ɗauki matsakaicin abin da ɗaliban makaranta suka ci a jarrabawar hukuma a wani darasi, a gwada da matsakaicin makin da malaminsu ya ba su. Idan na malami ya yi sama da yawa, sai a ja shi ƙasa gaba ɗaya, amma a bar jerin yadda yake, wanda malami ya sa na ɗaya ya zauna na ɗaya. Da wannan hanya, makarantar da ta ƙara wa kowa maki goma ba ta ci ribar komai ba. Wadda ta ba kowa 25 kuwa ta cuci haziƙanta, domin ta shafe bambancin da ke tsakaninsu da sauran.

Sai dai hanyar tana da nata aibi, kuma a ganina ba a cika faɗinsa ba. Inda duk aka ɗaure makin makaranta a jikin makin jarrabawa, to makin makaranta ya daina zama shaida ta biyu mai cin gashin kanta. Idan an yi satar amsa a wata cibiya makin jarrabawa ya hau, zai ja na makaranta su hau tare. Idan na'ura ta yi kuskure makin jarrabawa ya sauka, na makaranta ma ya bi shi. Haziƙin yaro guda a makarantar ƙauye mai rauni yana iya rasa maki saboda raunin 'yan ajinsa. Watau abin da aka ƙirƙiro domin ya rage ƙarfin jarrabawa guda, ya koma yana neman izini a wurinta.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Kada a ce wannan ciwon Nijeriya ne kaɗai. Ran 17 ga watan Agusta na 2020, ranar da ɗaliban Nijeriya suka fara jarrabawar WAEC da annobar korona ta jinkirta, a ranar ce gwamnatin Ingila ta janye wani tsari da ya tayar da ƙura. Can an soke jarrabawa gaba ɗaya a shekarar, aka ce malamai su ƙiyasta abin da kowane ɗalibi zai ci, hukuma kuma ta daidaita ƙiyasin da tarihin sakamakon kowace makaranta. Kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar aka rage, kuma abin ya fi taɓa yaran manyan azuzuwa a makarantun talakawa. Ɗalibai suka fita zanga-zanga, gwamnati ta ba da kai, aka karɓi makin malamai yadda yake. A 2021 ma makin malamai aka yi amfani da shi. Sakamakon shi ne, a jarrabawar shiga jami'a ta Birtaniya, rabon manyan maki biyu na sama ya tashi daga kashi 25.5 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 44.8 a 2021. Waɗannan malamai ne masu albashi a kan kari da ƙananan azuzuwa, amma da aka bar su da yaransu, hannunsu ya yi sauƙi. Malami ko'ina yana auna yaro ne da ranarsa mafi kyau.

Jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya ta bi wata hanya dabam. Tun farkon shekarun 1970 ta soke jarrabawar waje ta fita sakandare, ta dogara ga makin makaranta kaɗai har kusan shekara hamsin. Abin da ya riƙe tsarin shi ne, makaranta ba ta aika lamba tsirara. Tana aika samfurin ainihin aikin ɗalibai, kwamitin malamai daga wasu makarantu ya zauna ya duba ko makin ya dace da aikin. Duk da haka a 2020 jihar ta dawo da jarrabawar waje, kashi 25 cikin 100 a akasarin darussa, kashi 50 a Lissafi da kimiyya. Afirka ta Kudu tana ba makin makaranta kashi 25, tana kuma daidaita shi. Faransa, wadda ta shahara da tsananin jarrabawarta ta bakaloriya, ta ba makin makaranta kashi 40 tun daga 2021. Kowa dai yana neman inda zai tsaya tsakanin malamin da ya san yaro da hukumar da ba ta san kowa ba. Abin koyi a wurin Queensland shi ne duba aikin da kansa. A nan gida lamba muke aikawa, littafin yaro kuwa yana ƙarewa a hannun mai ƙosai.

Yawan hukumomi, da ƙaurar aji uku

Kwamitin Sogbetan ya ba da shawarar a rage wa WAEC kaya, kuma sannu a hankali aka yi haka. An kafa JAMB a 1978 domin shiga jami'a. A farkon shekarun 1990 aka kafa NABTEB mai hedkwata a Benin domin makarantun sana'a da kasuwanci. A 1999, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, aka kafa NECO mai hedkwata a Minna, ta yi jarrabawar fita sakandare ta farko a 2000. Akwai kuma NBAIS ta makarantun Arabiyya da addinin Musulunci, wadda tushenta ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yaro guda yana iya zama WAEC a watan Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli, bayan ya riga ya yi JAMB, sa'an nan jami'ar da ya nema ta sake tantance shi, al'adar da aka fara a 2005. Kowace sabuwar jarrabawa shaida ce cewa ba a gamsu da wadda ta gabace ta ba. Wanda kuma ya zauna jarrabawar masu zaman kansu, wadda har yanzu jama'a ke kira GCE, ba shi da makin makaranta ko kaɗan, takardarsa kaɗai ake dubawa, amma ƙofar jami'ar da satifiket ɗin ɗan makaranta ke buɗewa ita nasa ke buɗewa.

A jihohin Arewa da dama, har da Kano, akwai wata jarrabawar kuma kafin duk waɗannan, ta tantancewa, wadda ɗalibai ke kira kwalifayin. Da ita gwamnatin jiha ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Abin tambaya a nan shi ne, ma'aikatar da ke da makin yaro na zango biyar ko shida a hannun makarantunta, me ya sa sai ta shirya wata jarrabawa kafin ta san ko ya cancanta? Amsar a fili take. Ita kanta ma'aikatar ba ta yarda da makin da malamanta ke rubutawa ba.

Babbar ɓarakar da ta fi damun hukumomi ita ce ƙaurar ɗalibai a aji uku. Yaro zai yi shekara biyu a makarantarsa, da jarrabawa ta ƙarato sai iyaye su mayar da shi wata makaranta a bayan gari wadda aka san ana buɗe littafi a cikinta, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da mirakul santa. Sabuwar makarantar ba ta taɓa koyar da shi ba, amma za ta aika makinsa na shekara uku cif. Domin toshe wannan ne WAEC ta koma karɓar maki ta intanet aji bayan aji, ta yadda sunan yaro zai kasance a rumbunta tun kafin ya kai aji uku, kuma wanda ba shi da maki a can ba ya samun rajista a matsayin ɗan makaranta. A watan Disamba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ƙara da sanarwar hana ɗaukar ɗalibi ko yi masa canjin makaranta zuwa aji uku na babbar sakandare, daga shekarar karatu ta 2026/2027.

Dokar tana da hujja, amma ya kamata masu aiwatar da ita su tuna da mutum biyu. Na farko ma'aikacin gwamnati, ɗan sanda ko malamin asibiti, wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa Yola alhali 'yarsa ta gama aji biyu. Na biyu yaron da rashin tsaro ya kora. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 da na Jangebe a watan Fabrairu na 2021, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na makonni, wasu na watanni, aka warwatsa yara zuwa makarantun cikin gari. Zangon da ba a yi karatu ba ba shi da makin gaskiya, amma takardar tana da gurbinsa, kuma mun riga mun ga abin da ake yi da gurbi.

Abin da ya rage a hannun uba ko ɗalibi ba shi da yawa, amma akwai shi. Tun da yake ana aika maki tun daga ƙananan azuzuwan babbar sakandare, gwajin da yaro ya yi wasa da shi a aji ɗaya ya riga ya shiga lissafi, haka kuma kuskuren suna ko ranar haihuwa da aka shigar a lokacin zai bi shi har kan satifiket. Uba yana da damar zuwa wurin shugaban makaranta ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta wa ɗansa, ya gwada da katin sakamakon da ake kawo masa gida kowane zango. Masu duba makarantu na ma'aikatun ilmi, idan sun je rangadi, suna iya zaɓar sunaye biyar daga takardar maki su ce a kawo littattafan yaran, aikin da ba zai ci musu awa guda ba. Su kuma hukumomin jarrabawa, takardar sakamakon da suke bayarwa har yanzu harafi da lamba kaɗai take nunawa, C6 ko D7, ba ta da layin da zai gaya wa ɗalibi nawa makarantarsa ta aika, nawa aka bar masa bayan an daidaita, nawa kuma ya ci da hannunsa a ɗakin jarrabawa.